Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Malamar da Ta San Ɗalibanta

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin kwalejin ilimi da ya taɓa fita koyarwar gwaji a makarantun gwamnati na cikin garin Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ko Birnin Kudu, ya san abin da ke fara tarbar sa a bakin ƙofar aji, wato yawan yara. Wasu na kan benci, wasu na zaune a ƙasa, wasu ma sun raɓe a jikin taga. Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa, bugun 2004, ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, da malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma ba baƙon abu ba ne sabon malami ya tarar da ninkin wannan adadi a gabansa. Idan aka ɗauki aji mai yara 100 da darasi na minti 40, aka raba lokacin daidai wa daida, kowane yaro sakan 24 zai samu, ko da kuwa malamin bai yi bayani ba, bai kuma rubuta komai a allo ba. A irin wannan hali ne yaro kan shekara a aji ba tare da malaminsa ya san sunansa ba, balle ya san inda karatu ya tsaya masa.

Wannan matsala ba yau ta fara ba a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 an yi wata malama a Sakkwato wadda masu bukatar karatunta suka fi ƙarfin ƙirga, suna kuma warwatse a ƙauyuka masu nisa, amma ta samo hanyar da kowace mai neman ilimi za ta sami wadda ta san ta, ta kuma san matsayin karatunta. Wannan malama ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A wannan babi za a duba rayuwarta da rubuce-rubucenta, sannan a tsaya a kan tsarin koyarwar da ta kafa, domin ɗalibi-malami ya ga abin da zai iya ɗauka daga ciki.

2.0 Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon sunan da aka saba raɗa wa 'yan biyu, sai mahaifinta ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi.

Gidan da ta taso a ciki gidan karatu ne, maza da mata. Shehu ya yi fice a tsakanin malaman zamaninsa wajen dagewa a kan ilimin mata. A littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Haka kuma ƙanensa Abdullahi ya kawo labari a Tazyinul Waraƙati cewa wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zargi Shehu da barin mata suna halartar wa'azinsa, aka kuma mayar masa da amsa cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. Ke nan tun Asma'u ba ta mallaki hankalin kanta ba take jin ana muhawara a kan wanda ya cancanci a karantar, da wanda ake mantawa da shi a bayan danga.

Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tarihin Annabi (SAW) da sufanci bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Yadda aka karantar da ita kansa abin lura ne, domin a tsarin karatun wancan lokaci kowane ɗalibi da allonsa ko littafinsa yake zuwa gaban malami, ya biya nasa karatun, a gyara masa, a ƙara masa gwargwadon ƙarfinsa.

3.0 Shekarun Hijira da Yaƙi

A watan Fabrairun 1804, Asma'u tana da kimanin shekara 11, dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, har ta kai ga yin hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Daga nan aka shiga yaƙe-yaƙe. Jama'ar ta yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, amma a ƙarshen shekarar ta sha wuya a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane da yawa, ciki har da mahaddata Alƙur'ani. Shekaru da dama jama'ar ta yi tana ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan cikin yunwa da cuta, kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kuma kafa birnin Sakkwato a 1809.

Asma'u ta ga duk wannan da idonta tana yarinya. Ta ga yadda ake ɗaukar littattafai daga zango zuwa zango don kada su salwanta, ta ga matan da aka kashe mazajensu, da marayu, da matan da aka kamo a yaƙi aka shigo da su gidaje. A cikin waɗannan shekaru ne aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama Wazirinsa. Gidansu na unguwar da ake kira Giɗaɗawa a Sakkwato. Daga cikin 'ya'yanta akwai Abdulƙadir, wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri.

4.0 Rubuce-rubucenta

Aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci a 1820. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har ƙarshen rayuwarta. Ayyukanta da suka iso wannan zamani sun kai kimanin 60, yawancinsu waƙoƙi, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗannan biyun na ƙarshe da rubutun ajami. Manazarta kan kasa su zuwa wa'azi da faɗakarwa, da madahu, da tarihi, da marsiyya, da kuma fannin magani. Daga cikinsu akwai Tabbat Haƙiƙa, wadda asalinta waƙar Shehu ce da Fulatanci, ita kuma ta mayar da ita Hausa a 1831. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta 1837, wadda ta gina a kan Kitabun Nasiha na Muhammadu Bello, inda ta jero salihan mata tun daga iyalan gidan Annabi (SAW) har zuwa matan zamaninta. Akwai Tabshirul Ikhwan na 1839, da Larabci, a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i. Akwai kuma Godaben Gaskiya ta 1842. Tarihin jihadi da ta waƙe da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mayar da shi Hausa, shi ne aka sani da Waƙar Gewaye. Sunanta ya kai nesa, har ta yi musayar rubutu da wani malami ɗan Shingiɗi, a ƙasar Muritaniya ta yau, wanda ya biyo ta Sakkwato.

Mai wannan matsayi tana iya zama a ɗakinta tana rubuta wa malamai 'yan'uwanta, ba wanda zai ga laifinta. Sai dai kaso mai yawa na waƙoƙinta an tsara su ne domin matan da ba su iya karatu ba, kuma wannan shi ya kai ta ga aikin da ya fi ɗaukaka sunanta.

5.0 Matsalar da Ta Fuskanta

Bayan an kafa daula, sai aka wayi gari ƙasa ta faɗaɗa, jama'a ta yawaita, malamai kuwa sun yi kaɗan, domin yaƙi ya ci da yawa daga cikinsu. Mata su suka fi shiga wannan giɓi. Matan ƙauye suna nesa da malaman birni. Matan aure suna ɗaure da hidimar gida da reno, ba su da halin doguwar tafiya. Da yawa daga cikin waɗanda aka kamo a yaƙi ba su san farillan alwala da salla ba, kuma idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, wajen 'yan bori suke nufa, domin nan ne suka saba samun mai sauraren su. Waɗannan mata su ne ke renon yaran da za su gaji daular.

Idan Asma'u ta ce sai ta karantar da kowace mace da kanta, kamar yadda aka karantar da ita, rayuwarta za ta ƙare ba ta gama da unguwa ɗaya ba. Idan kuma ta tara su ɗaruruwa ta yi musu wa'azi sau ɗaya suka watse, ba ta da hanyar sanin wadda ta fahimta da wadda ta koma gida yadda ta zo. Wannan shi ne ainihin tsaka-mai-wuyar da malamin babban aji yake ciki a yau.

6.0 Tsarin 'Yan Taru

A cikin shekarun 1830 Asma'u ta fara kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Ginshiƙin tsarin shi ne jaji. A harshen fatake, jaji jagoran ayari ne, sai ta ari kalmar ta ba matar da za ta jagoranci matan garinsu wajen neman ilimi. Dattijuwa ake zaɓa, mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garinta suka yarda da ita. Asma'u da kanta take naɗa ta, ta ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Irin wannan malfa ita ce alamar Innar Gobir, shugabar bori, saboda haka matan karkara sun riga sun san ma'anarta. Asma'u ta bar alamar yadda suka san ta, ta sauya aikin da take wakilta.

Jaji kan taso da ayarin mata daga garinsu zuwa wurin Asma'u. Waɗanda ke cikin ayarin su ne 'yan matan da ba su kai aure ba da dattijai mata waɗanda hidimar reno ta sake su. Sukan zo da sadakar abin da suke da shi, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Takan karɓe su a ɗakinta, ta saurari damuwarsu da tambayoyinsu, ta koya musu waƙoƙinta har su hardace, ta yi musu bayanin ma'anarsu. Idan sun koma gida, sai jaji da 'yan ayarinta su riƙa shiga gida-gida suna isar da karatun ga matan da ba su sami fita ba. Bayan wani lokaci ayarin ya sake dawowa.

Idan aka duba wannan tsari da idon malami, za a ga abubuwa huɗu. Na farko, Asma'u ta taƙaita waɗanda take karantarwa kai tsaye zuwa adadin da za ta iya sani ciki da bai. Na biyu, kowace jaji tana da ƙaramin rukuni na matan da ta sani tun asali, ta san gidajensu da halin da suke ciki. Na uku, abin da ake koyarwa an tsara shi yadda ba zai lalace a hanya ba, domin waƙa mai amsa-amo da ma'auni tana da wuyar sauyawa a baki, kuma mace na iya maimaita ta tana daka ko tana kaɗi. Na huɗu, zuwa da komawar ayari ya sa malamar ba ta yanke da ɗalibanta na nesa ba, domin tambayar da ta gagari jaji tana iya dawowa Sakkwato a sami amsarta. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asma'u ta nemo hannaye da yawa, amma ba ta saki jinkar ba.

7.0 Kowa da Harshen da Yake Ji

Wani ɓangare na kula da ɗalibi shi ne yi masa magana da harshen da yake fahimta. A nan Asma'u ta nuna ƙwarewar da ta kamata mai nazarin harshe ya tsaya a kanta. Larabci take amfani da shi idan da malamai take magana. Fulatanci na danginta ne da sauran Fulani. Hausa kuwa ita ce harshen mafi yawan jama'a, musamman matan karkara da waɗanda aka shigo da su daga ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, don haka waƙoƙin koyarwa da yawa da Hausa suka fito, ko aka mayar da su Hausa.

Misali mafi bayyana shi ne gajeriyar waƙarta da ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kimanin 30. Ta fito da ita da Fulatanci, daga baya da Hausa, daga baya kuma da Larabci. Darasi ɗaya ne, amma an shirya shi sau uku saboda masu sauraro iri uku ne. Ga mace mai fara karatu, waƙar tana ba ta taswirar littafin gaba ɗaya kafin ta shiga cikinsa. Ga wadda ta yi nisa kuwa, hanyar bita ce. Malamin da ke da 'ya'yan Fulani a ajinsa a yankin Jahun ko Kiyawa, waɗanda Fulatanci suka tashi da shi a ruga, zai gane muhimmancin wannan. Sau da yawa yaron da ake ɗauka daƙiƙi ne, harshen darasin ne bai gama kamawa ba.

8.0 Shaidar da Ke Cikin Marsiyyoyinta

Ana iya tambaya, ina shaidar cewa Asma'u ta san mutanenta ɗaya bayan ɗaya? Shaidar tana cikin marsiyyoyinta. Ta yi wa manya marsiyya, kamar yayanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Giɗaɗo. Amma ta kuma yi wa matan da ba su da sarauta ko dukiya, waɗanda ba don ita ba da tarihi bai san da su ba. A 1844 ta yi alhinin mutuwar maƙwabciyarta Halima, ta ambaci kirkinta da yadda take kyautata zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ta yaba da koyar da marasa sani, da taimakon mata wajen haihuwa, da wankan gawa. Ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta tuna yadda ta jure kawo mata ayarin mata shekara da shekaru, ba ta fasa ba saboda wahalar hanya.

Abin lura a nan shi ne yabon bai zama iri ɗaya ba. Kowace an ambace ta da aikin da ta keɓanta da shi. Ba mai iya yin haka sai wanda ya daɗe yana lura da mutum. Wannan ma'auni ne da kowane malami zai iya gwada kansa da shi a ƙarshen zangon karatu: idan aka kira sunan yaro daga rajista, shin zai iya faɗin abu ɗaya da yaron ya iya, da abu ɗaya da ke ba shi wuya?

9.0 Rasuwarta da Abin da Ta Bari

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Tsarin 'Yan Taru bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama a Kano a matsayin matar Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da jagorancinsa, kuma ya wuce har cikin zamanin mulkin Turawa. A wancan lokaci ƙasar Dutse tana ƙarƙashin masarautar Kano, wadda ita kuma take cikin daular Sakkwato, saboda haka wannan tarihi na mutanen tsakiyar Jigawa ne kamar yadda yake na Sakkwatawa. Zuriyarta sun adana rubuce-rubucenta, musamman Wazirin Sakkwato Junaidu. Daga wannan taska ne Jean Boyd ta rubuta tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. A yau makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Arewacin Nijeriya suna ɗauke da sunanta.

10.0 Kwatanci da Wani Tsari na Ingila

A daidai zamanin ƙuruciyar Asma'u, Ingila ma tana fama da yawan yara da ƙarancin malamai. Andrew Bell ya wallafa bayanin wani tsari da ya gwada a wata makarantar marayu a Madras ta ƙasar Indiya a 1797, Joseph Lancaster kuma ya buɗe makarantarsa a Landan a 1798. Tsarin nasu shi ne malami ya koya wa manyan yara darasi, su kuma su juya su koya wa ƙanana. Ta haka malami guda kan riƙe ɗaruruwan yara. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama saboda arharsa, amma kafin tsakiyar ƙarni na 19 ya fara ja da baya, domin an gano cewa yaran da aka ɗora a kan 'yan'uwansu maimaita abin da suka ji kawai suke yi, ba su iya bayani, malamin kuma ya koma mai tsaron tsari da horo.

A fuska tsarin ya yi kama da na 'Yan Taru, amma akwai bambanci. Lancaster ya raba aiki ne domin rage kuɗin ɗaukar malamai. Asma'u ta raba aiki ne domin karatu ya isa ga wadda ba ta iya zuwa, ta hannun wadda ta san ta. Ta zaɓi jajinta a tsanake, ta karantar da su har suka fahimta, ta girmama su a bainar jama'a, ta kuma ci gaba da ganawa da su. Duk malamin da zai raba ajinsa rukuni-rukuni, to tsakanin waɗannan hanyoyi biyu zai zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba.

11.0 Darasi ga Malamin Yau

Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, da shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, sun buɗe ƙofar makaranta ga 'ya'yan talakawa, kuma wannan alheri ne. Haka nan tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, jama'a ke ta ƙaruwa a garin da kewayensa. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai nauyi ne na hukuma, kuma babu dabarar koyarwa da za ta sauke mata shi. Amma yaron da ke aji a bana ba zai jira a gama gini ba. Ga wasu matakai da ɗalibi-malami zai iya ɗauka daga rayuwar Asma'u.

Na farko, ya san matsayin kowane yaro tun makon farko. Gajeren gwaji ya isa: yaro ya karanta baƙaƙe, ko gaɓoɓi, ko kalmomi, ko jimla, malami ya rubuta inda ya tsaya a gaban sunansa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ta san makarantar allo, inda ake bambanta mai babbaƙu da mai farfaru, kowa kuma da allonsa.

Na biyu, ya kasa ajin zuwa ƙananan rukunai. Aji mai yara 100 zai ba da rukuni 10 na yara goma-goma. Idan malami ya zauna da rukuni biyu a kowace rana yayin da sauran ke aikin da ya ba su, daga Litinin zuwa Juma'a ya zauna da kowane yaro ido da ido.

Na uku, ya zaɓi jagoran kowane rukuni da lura. Wanda ya fi kowa maki ba lallai ne ya fi kowa haƙuri ba. A nemi mai fahimta wanda yara ke sakewa da shi, a riƙa keɓe masa ɗan lokaci kafin darasi ko bayan tashi, a kuma yaba masa a gaban aji. Aikinsa taimako ne da kawo rahoto a kan wanda ya makale da wanda bai zo ba. Da zarar an miƙa masa bulala, ko aka mayar da shi mai rubuta sunayen masu surutu, an rushe tsarin. Ya kamata kuma a riƙa sauya jagorori, don kada karatun su kansu ya tauye.

Na huɗu, ya shirya darasi yadda zai iya tafiya daga baki zuwa baki ba tare da ya lalace ba. Gajeriyar waƙa ko jerin misalai masu tsari kan taimaka wajen riƙe ƙa'idojin rubutu, kamar bambancin baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ita, ko wuraren raba kalma da haɗe ta. Sai dai hadda mataki ne na farko, dole bayani da tambaya su biyo baya.

Na biyar, ya tuna da waɗanda ba sa cikin aji. Asma'u ta gina tsarinta ne saboda matan da ba su iya zuwa. A makarantun karkara akwai yarinyar da talla ke hana ta zuwa da wuri, da yaron da ke ɓacewa ranar kasuwar Shuwarin ko lokacin girbi. Jagoran rukunin da ke unguwa ɗaya da su shi ne zai fara sanin dalili, ta hannunsa kuma aikin da aka yi a aji zai iya isa gida.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan kwatanci. Ɗaliban Asma'u da yawansu manya ne da suka zo don raɗin kansu, ba ta da manhajar da dole ta ƙare a zango guda, ba ta kuma da jarrabawar ƙarshen shekara. Jagoran rukuni a firamare yaro ne, ba dattijuwa ba, don haka nauyin koyarwa yana nan a wuyan malami. Abin da za a ɗauka daga gare ta shi ne manufar, wato kada a bar ɗalibi ko ɗaya ba tare da wani ya san halin da yake ciki ba, kuma labarinsa ya riƙa isowa ga malami.

12.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Nana Asma'u ta taso a gidan ilimi, ta rayu cikin hijira da yaƙi, ta yi rubutu da harsuna uku, sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya kai ga matan da ke nesa da malamai. An ga cewa ƙarfin tsarin ya dogara ne a kan zaɓen jaji da horar da ita, da tsara darasi cikin harshen mai koyo, da kuma ci gaba da bibiya. Ɗalibi-malamin da zai tsaya gobe a gaban cikakken aji a Dutse ko Birnin Kudu ba shi da ikon rage yawan yaran, amma yana da ikon tsara su yadda kafin zango ya ƙare zai iya kiran kowane ɗaya da sunansa, ya kuma faɗi inda karatunsa ya tsaya.

Tambayoyin Bita

1. Kawo abubuwa uku a tasowar Nana Asma'u da suka shirya ta ga aikin koyarwa.
2. Wace ce jaji, kuma me ya sa aka zaɓi malfa ta zama alamarta?
3. Yi bayanin yadda Asma'u take zaɓen harshen rubutu gwargwadon masu sauraro, tare da misali.
4. Kwatanta tsarin 'Yan Taru da na Bell da Lancaster.
5. An ba ka aji huɗu na firamare mai yara 90. Tsara jadawalin mako guda da zai ba ka damar zama da kowane yaro aƙalla sau ɗaya.